Kanet: Manoman Tsaunin da Aure Ya Rage wa Daraja

Assalamu alaikum. Jama'a, abu uku zan faɗa a kan Kanet, manoman tsaunukan arewacin Indiya, inda ake kira jihar Himachal Pradesh a yau, wajejen Kullu da Shimla da Mandi. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Na farko, asali. Alexander Cunningham, Baturen nan mai tonon kayan tarihi, ya ce jikokin Kuninda ne, wata tsohuwar al'umma da aka tsinci kuɗinta na azurfa masu hoton barewa. Su kuwa Kanet cewa suke su Rajput ne, jinin sarauta da yaƙi, darajarsu ce ta faɗi. Me ya kayar da ita? Aure! Mutum ya rasu, ƙanensa ya auri matar, ya riƙe gona, ya riƙe marayu. Shi ke nan laifin.

Ku tsaya mu dubi gonar nan. A jikin tsauni aka sassaƙa ta, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar duwatsu da ke tare ƙasa. Ruwa ya yi ƙarfi, katanga ta zube, hannu ne zai mayar da ita dutse bayan dutse. Maigida ya mutu, wa zai yi? Ƙanensa mana. Amma manyan Rajput, matar mamaci ba ta sake aure a wurinsu, kuma kama garma abin kunya ne. Garma fa, jama'a, garmar da ke ciyar da su! Ga Alhaji nan a gaba yana dariya, wai a garinsu zumunci ake kiran wannan. Wallahi ni ma zumunci na gani.

Na biyu, sun kasu gida biyu, Khash da Rao. Khash na rataya zaren ibadar nan na manyan jinsunan Hindu, janeu, Rao ba sa yi. Denzil Ibbetson, wani jami'in mulkin Birtaniya, ya rubuta wannan a rahoton ƙidayar 1881, af, ai na ukun ke nan na shiga, ƙidaya.

Na'am, 'yar'uwa? Tana tambaya ko har yanzu suna nan. Suna nan daram, sunan ne ya ja baya. Tun da malaman ƙidaya suka fara rubuta jinsin kowa a takarda, har zuwa ta 1931, da yawansu suka dage a rubuta su Rajput. Yau ki tambayi mai gonar tuffa a tsaunukan Shimla, galibi Rajput zai ce miki, ko Thakur, wani laƙabin girma na Rajput.