Wa Ya Fi Kowa a Wasan Hoki na Kan Ƙanƙara?

Ranar 6 ga Afrilu, 2025, wani ɗan Rasha mai shekara 39, furfura ta cika masa kai, ya zura ƙwallonsa ta 895 a gasar NHL. Don murna sai ya kifa ciki ya sulale a kan ƙanƙara kamar ƙaramin yaro. Sunansa Alexander Ovechkin. Mutumin da ya ƙwace wa wannan matsayi, Wayne Gretzky ɗan Kanada, yana cikin filin yana tafa masa. Ƙwallo 894 Gretzky ya tara kafin ya yi ritaya a 1999, kuma an daɗe ana cewa ba mai kamo shi. To, yanzu da aka wuce shi, Ovechkin ne ya fi kowa ke nan? A'a. Ku biyo ni ku ji dalili.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna gudu a kan takalma masu ƙarfe mai kaifi a ƙasa, suna kora wani ɗan baƙin faifai na roba da sanda. Za mu ci gaba da kiran faifan ƙwallo don sauƙi. NHL kuwa ita ce babbar gasar duniya, ta ƙungiyoyin Amurka da Kanada, kofinta shi ne Kofin Stanley. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne yadda ake auna ɗan wasa. Idan ka ci ƙwallo, maki ɗaya. Idan kai ka miƙa aka ci, shi ma maki ɗaya.

A nan Gretzky ya yi wa kowa fintinkau. Makinsa 2,857. Na biyu, Jaromir Jagr na ƙasar Cek, yana da 1,921. Ku saurara da kyau: ƙwallayen da Gretzky ya miƙa wa wasu suka ci sun kai 1,963. Wato da a ce bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba a rayuwarsa, da har yanzu shi ne na ɗaya a maki. Ba ƙato ba ne, ba shi ya fi kowa gudu ba. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Yakan laɓe a bayan raga, wurin da har aka riƙa kira ofishinsa, ya hango inda abokin wasansa zai isa tun shi abokin bai yanke shawara ba. Ya ɗauki Kofin Stanley sau huɗu da Edmonton, ya zama gwarzon gasar sau tara, kuma lambarsa 99 an hana kowa sa ta a duk ƙungiyoyin NHL.

Masu musu sukan ce zamani ne ya taimake shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A farkon shekarun 1980 ana cin ƙwallo kusan takwas a wasa ɗaya, domin masu tsaron gida a tsaye suke tarewa, kayan jikinsu kuma ƙanana ne. Zuwa 2004 abin ya sauka zuwa biyar da 'yan kai, masu tsaron gida sun koyi durƙusawa su toshe ƙasan raga. Shi ya sa ƙwallayen Ovechkin ke da nauyi sosai, a zamanin tsanani ya ci su. Amma ai ruwan da ya sauka a gonar Gretzky ya sauka a gonar kowa. A kakar 1981 zuwa 1982 ya tara maki 212, wanda ke biye masa, Mike Bossy, 147.

Dattawa kuma Gordie Howe suke kawowa. Ya fara a 1946, lokacin ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar, yau kuwa 32. Babu hular kwano, masu tsaron gida ma sai daga 1959, da Jacques Plante ya kafe, suka fara rufe fuska a kai a kai. Howe ya buga har 1980 yana da shekara 52, a ƙungiya ɗaya da 'ya'yansa biyu, Mark da Marty. Ƙwallo 801. Juriya dai ba a yi kamarsa ba.

Ni wanda ke sa ni kokwanto a kan Gretzky shi ne Bobby Orr na Boston. Ɗan baya ne. Kafin shi, aikin ɗan baya ya tare, ya miƙa, ya tsaya a wurinsa. Orr sai ya ɗauko ƙwallo daga bayan ragarsu ya keta fili gaba ɗaya, kuma in an ƙwace, shi zai riga kowa komowa. Sau biyu ya fi kowa maki a duk gasar, a 1970 da 1975, kuma babu wani ɗan baya da ya taɓa yin haka ko sau ɗaya. Kwatanta shi da ƙwallon ƙafa: mai lamba biyar ya zama shi ne kan gaba a cin ƙwallo da bayarwa. Shekara takwas a jere ana ba shi kyautar gwarzon 'yan baya. Shahararren hotonsa, wanda yake shawagi a iska hannu a sama, an ɗauke shi ne a 1970, daidai lokacin da ya ci ƙwallon da ta ba Boston kofi, ɗan wasan St. Louis ya ɗaga masa ƙafa da sanda. Sai dai gwiwa ta ci amanarsa. Tiyata bayan tiyata, wasa 657 kawai ya buga, ya ajiye sanda yana ɗan shekara 30. Gretzky ya buga 1,487.

Mario Lemieux na Pittsburgh shi ma jiki ne ya takure shi. A Janairun 1993 aka gano yana da ciwon daji. Ranar da aka yi masa gashin ciwon dajin na ƙarshe a asibiti, a ranar ya hau jirgi zuwa Philadelphia ya shiga wasa, ya kuma ci ƙwallo. Ya gama kakar da maki 160 a wasa 60, ya fi kowa. In aka raba maki da yawan wasa, tsakaninsa da Gretzky tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

To amma kun lura? Ban da Ovechkin da Jagr, duk 'yan Kanada nake ta lissafowa. Nan ne lissafin yake da rami. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, Tarayyar Sobiyat ba ta barin 'yan wasanta su tafi NHL, don haka da yawa daga cikin gwanayenta ba su da ko maki ɗaya a wancan littafin. A 1972 aka haɗa wasa takwas tsakanin taurarin Kanada da na Sobiyat. 'Yan Kanada sun ɗauka bulus za su samu. A wasan farko, a gidansu, a Montreal, aka lallasa su da ci 7 da 3, Valeri Kharlamov ya ci biyu. Ya addabe su har a wasa na shida Bobby Clarke ya kai masa sara da sanda a idon sawu ya ji masa mummunan rauni. Da ƙyar Kanada ta sha: ta ci huɗu, an ci ta uku, aka yi kunnen doki ɗaya. Kharlamov ya rasu a haɗarin mota a 1981 yana da shekara 33. Mai tsaron gidansu, Vladislav Tretiak, ya ci zinare uku a gasar Olamfik da kofin duniya goma, bai taɓa buga wasa ɗaya a NHL ba. Filin ma ba ɗaya ba ne, na Turai ya fi faɗi da kamar mita huɗu, abin da ya sa wasansu ya fi karkata ga miƙe-miƙe, na Kanada kuma ga bangaza. A 2008, da hukumar wasan ta duniya ta cika shekara 100 ta zaɓi gwanaye shida, huɗu 'yan Sobiyat ne, ɗaya ɗan Siwidin, Borje Salming. Ɗan Kanada ɗaya tak ya shiga, Gretzky.

Masu tsaron gida kuwa kullum a ƙarshe ake tunawa da su. Dominik Hasek na Cek shi kaɗai ne a cikinsu ya zama gwarzon NHL sau biyu. A Olamfik ɗin Nagano ta Japan, 1998, wasan kusa da na ƙarshe ya kai ga bugun raba gardama. 'Yan Kanada biyar suka zo, babu wanda ya ci shi. Gretzky yana zaune a benci, koci bai sa shi cikin biyar ɗin ba, maganar da har yau ba ta mutu ba a Kanada.

Af, 'yan Najeriya ma suna da ɗan abin tinƙaho. Jarome Iginla, wanda ya ci ƙwallo 625, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby ƙwallon da ta ba Kanada zinare a Olamfik ɗin 2010.

In aka matsa mini sai na jera, Gretzky zan sa a gaba, domin ko a Mosko ba a musa shi. Orr na biyu, saboda shi ya sauya yadda ake buga wasan. Lemieux na uku, Howe na huɗu. Na biyar zan ba Hasek, ina sane da cewa magoya bayan Tretiak da na Ovechkin ba za su bar ni in sha ruwa ba. Cikin masu bugawa yanzu, ku sa ido a kan Connor McDavid na Edmonton. A kakar da ta ƙare a 2023 ya tara maki 153, rabon da wani ya haura 150 tun Lemieux a 1996.