Daga Lasisin A2 Zuwa Babban Babur a Birtaniya: Yadda Dokar Take

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau maganarmu ta shafi 'yan'uwa mazauna Ingila, Sikotilan da Wales waɗanda ke riƙe da lasisin babur mai iyaka, wanda ake kira A2, kuma ransu ya fara biyawa da manyan mashina. Tambayar da ta fi yawo a tsakaninsu ita ce: idan na cika shekara 2 da wannan lasisin, shi ke nan na haye? Amsar ita ce a'a. Lasisin ba ya sauya kansa. Ko shekara 10 ka yi da A2 a aljihu, matuƙar ba ka koma ka sake jarrabawa a kan babban babur ba, a idon doka kana nan inda kake.

Akwai dalilin da ya sa wannan ruɗanin ya ƙi ƙarewa. Kafin ranar 19 ga Janairun 2013, wanda ya ci jarrabawa a kan ƙaramin babur akan taƙaita shi ga babur da ƙarfin injinsa bai wuce kilowat 25 ba na tsawon shekara 2, daga nan iyakar ta faɗi da kanta, ya hau duk abin da ya ga dama. Saboda haka idan wani yaya ko kawu da ya daɗe a ƙasar ya ce maka haka ake yi, gaskiyar zamaninsa ya faɗa maka. Daga waccan rana Birtaniya ta koma kan tsarin lasisi na Tarayyar Turai, kuma ficewarta daga Tarayyar bai sa ta yar da matakan ba.

Bari mu ɗan waiwayi matakan da sauri. Farko akwai CBT, horon share fage na dole ga sabon mahayi, wanda galibi a yini guda ake kammala shi. Da takardarsa, ɗan shekara 17 zai hau babur da bai wuce cc 125 da kilowat 11 ba, da jan harafin L gaba da baya, ba goyo, ba hawa manyan titunan da suke kira motorway, kuma takardar shekara 2 take aiki. Da yawa daga cikin masu kai abinci a babur da kuke gani a titunan Landan da Manchester a wannan matakin suke. Sai A1, wanda yake cikakken lasisi ne amma na cc 125 ɗin dai. Sai A2 daga shekara 19. Sai A, uban tafiya, wanda ba shi da iyakar ƙarfi.

To, mene ne iyakar A2 ɗin? Sharuɗɗa uku ne, kuma mutane na farkon kawai suke riƙewa. Ƙarfin injin kada ya wuce kilowat 35, wato wajen ƙarfin doki 47. Don ku gane girman abin, Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa a gida bai kai doki 10 ba, kun ga A2 ba babur ɗin wasa ba ne. Na biyu, ƙarfin da nauyin babur sai sun yi daidai: kada ya wuce kilowat 0.2 a kan kowane kilo. Ku buga lissafin, babur mai cikakken kilowat 35 sai ya kai kilo 175 kafin ya halatta. Babur marar nauyi zai iya kasancewa ƙasa da 35 amma ya faɗi a wannan ma'aunin.

Na ukun shi ne inda kuɗin mutane ke salwanta. Doka ta yarda ka sayi babur da ya fi ƙarfin A2 a sa masa takunkumi, a rage shi zuwa kilowat 35. Wani a totur ake sa ɗan ƙarfe da zai hana shi murɗuwa har ƙarshe, wani a hanyar shigar iska ake toshewa, a sababbin mashina kuma sau da yawa kwamfutar injin ake sauya wa saiti. Amma da sharaɗi: asalin ƙarfin babur ɗin kada ya wuce ninki biyu na abin da aka mayar da shi. Idan 35 za a mayar da shi, to asalinsa kada ya haura kilowat 70. Yamaha MT-07 da Suzuki SV650 suna shiga wannan layin, shi ya sa makarantun koyon babur ke yawan amfani da su. Honda CB500F kuwa tun daga masana'anta an ƙera shi daidai da A2. Kawasaki ma ta fitar da Z900 na musamman mai kilowat 70 saboda wannan dokar. Amma irin su Yamaha R1, duk ƙwarewar bakaniken da ya ce zai danne maka shi, ba zai halatta ga mai A2 ba. Kada ka biya kuɗin babur sai ka ga asalin ƙarfinsa a rubuce. Kuma ka karɓi takardar shaidar sa takunkumin daga garejin da ya yi aikin, domin kamfanonin inshora da yawa suna tambayar ta.

Ku lura a sharuɗɗan nan uku ban ambaci cc ba. A2 ba ruwansa da girman inji. Babur mai cc 700 zai iya halatta, wani mai cc 600 ya haramta.

Yanzu ga yadda ake hayewa zuwa A. Ƙofa biyu ce.

Ƙofa ta farko ta masu bin mataki ce. Ka riƙe A2 na shekara 2 cikakku, ka kai shekara 21 da haihuwa, sai ka sake jarrabawar tuƙi a kan babban babur. Daɗin wannan hanyar shi ne ba sai ka maimaita jarrabawar ƙa'idoji ta kwamfuta ba. Wanda ya ci A2 yana ɗan 19 zai iya hawa kowane irin babur yana ɗan 21.

Ƙofa ta biyu ta kai-tsaye ce, daga shekara 24. A nan ba a tambayar ka shekara nawa ka yi da A2, ko ma ba ka taɓa riƙe shi ba. Sai dai dole ka kasance da takardar cin jarrabawar ƙa'idoji wadda wa'adinta bai ƙare ba, ita ma shekara 2 take yi, sabon shiga kuma ya haɗa da CBT.

A nan ne nake so 'yan shekara 22 da 23 su zauna su yi lissafi da kyau. Idan kana da 22 da rabi ka ci A2 yau, shekara 2 ɗinka za su cika ne bayan ka riga ka wuce 24, ka ga ƙofar kai-tsaye za ta riga buɗewa. Wasu sai su ce gara su yi haƙuri da 125 su biya kuɗi sau ɗaya. Ta fuskar aljihu, suna da hujja. Ni dai a ganina, wanda ya yi shekara guda ko fiye yana juya babur mai doki 47 a cikin ruwan sama da sanyin hunturun Ingila ya fi shirin karɓar mai doki 100 fiye da wanda ya tsallako daga 125 bayan horon 'yan kwanaki. Biyan kuɗin jarrabawa sau biyu akwai ciwo, ban musa ba, amma abin da hannu da ido ke koya a wannan tsakanin ba a samun sa a aji.

Jarrabawar kanta hukumar DVSA ce ke gudanar da ita, zango biyu. Babur ɗin da za ka je da shi don lasisin A sai ya kai aƙalla cc 595 da kilowat 50, nauyinsa kuma aƙalla kilo 180. Babur ɗinka mai takunkumi ba zai yi ba. Kuma ba ka da ikon ɗaukar babban babur ka fita atisaye kai kaɗai. A kan titi dole malami mai rajista ya kasance tare da kai, yana yi maka magana ta rediyo a kunne, ka mayar da harafin L kamar sabon ɗalibi. Shi ya sa kusan kowa ta makaranta yake bi, a ba shi babur da malami a dunƙule.

Zangon farko, wanda suke kira Mod 1, a fili ne da aka kewaye, kimanin minti 20. Ka fara da tura babur da hannu daga wani gurbi zuwa wani, injin a kashe. Kada ka raina wannan, kilo 200 idan ya fara karkata ba ya jin lallashi. Sai ratsa tsakanin robobi, sai zagaye mai siffar lamba 8, sai tafiyar hawainiya daidai da takun mutum, sai juyawa baya tsakanin layi biyu. A wannan juyawar ake zubar da mutane: kana tsakiyar kwana, babur ya yi nauyi, idonka ya sauka kan layin da ke gabanka, ƙafa ta taɓa ƙasa, shi ke nan an gama. Maganin shi ne ka riƙe kuloci a rabi, totur kaɗan a tsaye, birkin baya a hankali, ka juya kai gaba ɗaya ka kalli inda kake son zuwa. Daga nan sai birkin gaggawa da kauce wa haɗari, waɗanda dole na'ura ta nuna ka kai gudun kilomita 50 a awa. Ƙananan kurakurai kada su wuce 5, babba kuwa ko ɗaya ya isa ya kayar da kai.

Zango na biyu a kan titi ne, wajen minti 40. Za a sa ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, a yi maka tambayoyi kan duba lafiyar babur da ɗaukar goyo, sannan mai jarrabawa ya biyo ka a baya yana ba ka umarni ta rediyo. Akwai kusan minti 10 da zai bar ka ka bi allunan hanya da kanka. A nan ƙananan kurakurai 10 ne iyaka. Abin da ke cin waɗanda suka daɗe a kan A2 shi ne sabo: an daina waiwayen kafaɗa kafin a sauya layi, an daina kashe sigina a kan lokaci. Mai bin hanyar mataki ya riƙe wannan: bayan cin Mod 1, wata 6 gare shi ya ci na biyu, in ba haka ba ya koma farko. Kuɗin hukuma fam 15.50 ne na zangon farko, fam 75 na biyu a ranakun aiki, fam 88.50 da yamma ko ƙarshen mako. Kuɗin makaranta ne ke da nauyi, shi sai an tara. Kuma wanda ya yi jarrabawar da babur marar giyar hannu, irinsa kawai lasisin zai ba shi.

Ga waɗanda suka zo da lasisin Najeriya: za ku iya tuƙa abin da lasisin ya ba ku izini na wata 12 daga ranar da kuka zama mazauna, amma ba ya cikin waɗanda hukumar ba da lasisi ta DVLA ke musanyawa da na Birtaniya. Bayan nan sai lasisin koyo, CBT, a bi layi kamar kowa. Ireland ta Arewa kuma hukumarta daban ce, mazauna can su duba nasu tsarin.

Sai maganar da ta fi damu na. Wasu idan jiran ya ishe su sai su je gareji a cire takunkumin, a zuwan ba mai ganewa daga waje. Ranar da ka yi haka ka koma mai tuƙi ba bisa lasisinsa ba, laifin da ke jawo makin hukunci 3 zuwa 6 a kan lasisi da tarar da za ta iya kai fam 1,000. Inshorarka kuma an yi ta ne a kan babur mai kilowat 35. Tuƙi ba inshora maki 6 ne da tarar fam 300 nan take, kuma 'yan sanda na da ikon ƙwace babur ɗin. Idan ba ka cika shekara 2 da cin jarrabawarka ta farko ba, maki 6 kaɗai sun isa a soke lasisin gaba ɗaya, ka koma neman na koyo. Wannan duk idan a bakin hanya aka tsayar da kai ne. Idan haɗari ne, Allah ya kiyaye, kuma wani ya ji rauni, za a iya binciken injin, kamfanin inshora kuma ya biyo ka da kuɗin da ya biya.

Saboda haka ɗan'uwa, ɗauko katin lasisinka ka juya bayansa, ka duba ranar farko da ke gaban layin A2. Daga wannan ranar ake ƙirga shekara 2 ɗin. Idan saura 'yan watanni, fara tuntuɓar makarantu tun yanzu, domin da bazara layin jarrabawa yakan yi tsawo. Allah ya tsare hanya, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.