Tarin Fukar Shanu: Daga Garke Zuwa Ƙwaryar Nono

Assalamu alaikum. Ardo, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Fawa, iyayenmu mata masu tallar nono, sannunku da zuwa.

Tarin fukar shanu ba ya kayar da dabba farat ɗaya. Saniya sai ta shekara da shi tana kiwo, ana tatsarta, kafin ta fara ramewa da busasshen tari. Kafin mai ita ya farga, ta raba wa sauran a makwanci da mashaya. Ƙwayar cutar, Mycobacterium bovis, 'yar'uwar mai sa mutum tarin fuka ce, kuma tana kama awaki da raƙuma. Kada ku haɗa shi da ciwon huhun da ake yi wa allurar rigakafi ta cibiyar binciken dabbobi da ke Vom. Shi tarin fuka ba shi da rigakafin da ake bi garke-garke ana yi.

Gwaji ake yi. A aske ɗan wuri a wuya, a auna kaurin fatar, a yi allura, a dawo bayan awa 72. In wurin ya kumbura, a ware dabbar a yanka. Haka Ostareliya ta yi tun daga 1970, sai a 1997 ta rabu da cutar. Amma fa can an riƙa biyan diyya. A nan ka ce wa makiyayi ya ba da saniyarsa a banza? Gobe da sassafe tana kara an sayar, cutar ta koma wani garken. Ni ban ga laifinsa ba. Gwajin da babu diyya a bayansa wahalar da ma'aikaci ne kawai.

To, me ke hannunmu? Wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 140,000 ne suka kamu da irin wannan tarin a 2019, kimanin 11,400 suka rasu, kuma babbar hanyarsa ɗanyar madara ce. Yaron da ake tatsar wa ya sha da ɗuminta, shi ne za ka ga kaluluwa ta fito masa a wuya ta ƙi baje wa. Tsamin nono ba ya kashe ƙwayar, tafasawa ke kashe ta. Masu kindirmo da ma kuna dafawa, Allah ya yi muku albarka, sauran ma a dafa. Ga shi pyrazinamide, ɗaya daga cikin magunguna huɗu na farko da ake ba mai tarin fuka, ba ya cin wannan ƙwayar.

Sarkin Fawa, saura ku. In an fede aka ga ƙulu-ƙulu masu ruwan ɗorawa a huhu ko hanta, wuƙa na ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi, kada yaro ya ɗebe su ya kai ragowar naman teburi. A kira malamin duba nama, a kuma tambayi dillali daga wane garke dabbar ta fito.