Yadda Wayarka Ke Sanin Abin Da Kake So, Da Inda Sirrinka Ya Tsaya

Idan tela a Kasuwar Barci da ɗalibar Jami'ar Jihar Kaduna suka buɗe YouTube a lokaci guda, ba abu ɗaya za su gani ba. Shi za a jero masa bidiyon ɗinkin kaftani da aikin surfani, ita kuwa darussan da suka shafi karatunta. Manhajar tana lura da abin da kowannensu ya nema da tsawon lokacin da ya ɗauka yana kallo, sannan ta kwatanta shi da masu irin ɗabi'arsa, ta yi hasashen abin da zai so.

Sai dai bayanan da suka nuna cewa telan yana neman shadda, su ne kuma za su nuna yana neman maganin wata cuta da ko iyalinsa bai faɗa wa ba.

Kamfanoni sukan ce sun cire sunayen mutane, amma hakan bai wadatar ba. A shekarar 2006 kamfanin Netflix ya saki bayanan finafinan da kusan mutum 480,000 suka kalla, babu sunan kowa a ciki, duk da haka wasu masu bincike biyu a Jami'ar Texas da ke Amurka suka gano wasu daga cikinsu, ta hanyar kwatanta bayanan da ra'ayoyin da mutanen suka rubuta a IMDb, wani shafin intanet na bayanan finafinai.

Dabarar da ta fi kwantar da hankali, a ganina, ita ce kada bayanan su bar wayar tun farko. A 2017 Google ya bayyana irin wannan tsari a allon rubutunsa na Gboard, inda wayar ke koyon salon rubutun mai ita a cikinta, ta aika da taƙaitaccen abin da ta koya kawai, a cuɗanya shi da na ɗimbin wasu wayoyi. Akwai kuma dabarar jirkita alƙaluma kaɗan da gangan domin mutum ɗaya ya ɓace cikin taro, wadda Amurka ta yi amfani da ita a ƙidayar jama'a ta 2020.

A nan gida, dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mazaunin Rigasa ko Kawo damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, idan aka ƙi kuma ya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya.