Amsoshin Tambayoyinku: In Maganar Gaskiya Ce, Tana Iya Zama Gulma?

Masu sauraro, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, ko kuna Ngaundere, ko Garwa, ko Marwa, ko kuma kuna jin mu daga ƙetaren kogi a Njamena. Wasiƙun da muka zaɓa a wannan mako duka sun shafi abin da bakinmu yake yi wa mutane.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce a Garwa, wadda take cikin zumuntar mata. Ta ce: "A taron addu'armu wata takan tashi ta ce a yi wa wance addu'a domin mijinta ya koma shan giya, ko kuwa 'yarta ta yi ciki a gida. Kafin Lahadi duk unguwa ta ji. Da na yi magana sai aka ce ai ba ƙarya aka yi mata ba. Shin gaskiya tana iya zama gulma?"

'Yar'uwa, ƙwarai kuwa tana iya zama. Ki buɗe littafin Sama'ila na fari, sura 21 da 22, ki karanta labarin Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Sarki Saul. Doyeg yana nan a garin Nob ranar da Dawuda ya zo yana gudun Saul, ya kuma ga firist Ahimelek ya ba shi gurasa da takobin Goliyat. Da Saul ya fara kukan cewa kowa ya haɗa baki a kansa, sai Doyeg ya ba da labarin abin da ya gani. Gurasar an bayar, takobin ma an bayar, amma Ahimelek bai san Dawuda gudu yake yi ba, domin Dawuda ya ce masa sarki ne ya aiko shi. Doyeg ya kai maganar ga mutumin da zuciyarsa take tafasa, a lokacin da ya san za ta ƙara masa daraja a fada. Ƙarshenta firistoci 85 suka mutu a rana ɗaya, kuma da hannun Doyeg ɗin, bayan dogaran sarki sun ƙi taɓa su.

Saboda haka "ai ba ƙarya na yi ba" ba ta isa ta wanke mai magana ba. Sai an tambaya wa aka faɗa wa, a gaban su wa, da abin da mai faɗin yake nema. Waɗanda suka yi ajin baftisma ko na tabbatarwa a ikkilisiyoyin Lutheran, waɗanda suke da yawa a wannan yanki namu, za su tuna da bayanin da Martin Luther ya yi wa doka ta takwas cikin Dokoki Goma a littafinsa na koyarwa, Ƙaramin Katekisma na 1529. Bai tsaya ga hana ƙarya ba, ya hana tona asirin maƙwabci da ɓata masa suna, ya kuma ce mu kāre shi, mu faɗi alheri a kansa, mu yi wa al'amarinsa kyakkyawar fassara. A ganina wannan kashi na biyu ya fi wuya, domin kame baki na minti biyar kowa yana iyawa, amma tsaya wa wadda ba ta nan a tsakiyar hira mai daɗi sai mai ƙarfin hali.

Shawarata ga zumuntarku ita ce, kada a kawo sunan kowa da damuwarsa gaban taro sai da izininsa. Allah ya san sunan matar, ya san gidanta, ba ya bukatar a karanta masa. Wadda abin ya dame ta da gaske ta ɗauki ƙafa ta je gidan, kamar yadda Ubangiji Yesu ya koyar a Matiyu sura 18 aya 15, cewa a fara magana tsakaninka da ɗan'uwanka ku biyu kaɗai. Sai dai kada a juya maganata: idan ana dukan mace har ana ji mata rauni, ko ana lalata da yaro, sanar da dattawan ikkilisiya ko hukuma ceton rai ne, kuma wanda ya yi shiru a nan ya taya mai cutar.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ce, tela a Marwa, mai yara masu koyon ɗinki a shagonsa. Ya ce idan Kirsimeti ta gabato, aiki ya yi yawa, yaro ya ɓata yadin mutane, sai ya ji bakinsa ya ce masa ba zai yi albarka ba. Ya ce shi ma haka maigidansa ya horar da shi, ga shi kuwa ya zama mutum.

Baba, Allah ya ƙara girma. Babu wanda ya ce kada ka tsawata, domin yadin kuɗi aka sa aka saya, kuma kai mai kaya zai kama. Bulus da kansa ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, kamar yadda ya rubuta wa Galatiyawa a sura 2, amma a kan abin da Bitrus ya aikata ya yi magana. Idan ka ce wa yaro ya yanka hannun riga ba daidai ba, ya warware ya sāke, ka ba shi abin da zai gyara. Idan ka ce ba zai yi albarka ba, ka yanke hukunci a kan rayuwarsa, wanda ba hurumin ɗan Adam ba ne, kuma mu a nan mun san yadda yaro yake jin tsoron bakin babba. Yakubu sura 3 ya yi mamakin yadda da harshe ɗaya muke yabon Allah, muna kuma la'antar mutanen da aka halitta cikin kamanninsa, ya ce bai kamata ya zama haka ba. Bulus kuma ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa sura 3 aya 21 kada su tsokani 'ya'yansu har su karai, kai kuwa uba kake ga yaron da iyayensa suka danƙa maka. Ka ce ka zama mutum duk da zagin maigidanka, mun gode wa Allah, amma ka ƙirga abokan koyonka da suka bar keken ɗinki saboda wannan bakin. Ka kira yaron a keɓe ka janye kalmar, ka sa masa albarka da bakin da ya zage shi. Girmanka ba zai ragu ba.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani saurayi a Kusiri, wanda yake tambaya ko yana da laifi idan ya tura saƙon murya na WhatsApp da yake zargin wani fasto da cin kuɗin baikon ikkilisiya, tunda ba shi ya ɗauki muryar ba. Ɗana, kana da laifi. Fitowa sura 23 aya 1 ta hana baza labarin ƙarya, kai kuwa ba ka san ko gaskiya ne ba sa'ad da ka tura. Idan kana da shaida, ka kai ta gaban majalisar ikkilisiyar da abin ya shafa, inda za a kira shi ya amsa da bakinsa. Idan ba ka da ita, ka goge saƙon, ka kuma gaya wa waɗanda ka tura wa cewa ba ka tabbatar da shi ba.

Sauran wasiƙun za mu karanta su a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.