Daga Legas Zuwa Duwatsun Idanre da Iyali

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ya san teku, ya san gada, ya san cunkoson motoci, amma da wuya ya taɓa tsayawa gindin dutsen da sai hularsa ta faɗi kafin ya hango ƙarshensa. Mu Hausawan Legas in mun ɗaure kaya, Arewa muka nufa: Sallah, biki ko ta'aziyya. To yau ga wata tafiya daban, wadda Asabar da Lahadi sun ishe ta. Idanre za mu, a jihar Ondo, kilomita 20 da 'yan kai daga Akure.

Bari mu fara da duwatsun. Sun yi wa garin ƙawanya ta kowace kusurwa, wasunsu sun tasam ma mita 900 daga doron teku. Amma ba tsawonsu ne ya sa nake so ku kwashi yara ku je ba. A can sama akwai tsohon gari sukutum, da fadarsa da kotunsa da makarantarsa. Mutanen Idanre sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaune a kan dutsen saboda tsaro, kuma wanda ya san tarihin duwatsun Kufena da Turunku na ƙasar Zazzau ba zai yi mamaki ba. Sai a shekarun 1920, da ƙasa ta lafa, hanyar mota ta zo, noman koko ya fara kawo kuɗi, sannan suka sauko. A 2007 Najeriya ta shigar da wurin cikin jerin wuraren da take nema wa matsayin kayan tarihin duniya a UNESCO.

Hanya biyu ce. Ta farko, ku bi babban titin Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 1978, ku ratsa Iwo Road, ku wuce Ikire, Ife, Ilesa, ku faɗa Akure. Ta biyu, ku karkata a Shagamu, ku bi Ijebu-Ode da Ore, ku haura garin Ondo, sannan Akure. Mai iyali, ni dai ta Ibadan nake zaɓar masa, don garuruwa a jere suke: in yaro ya matsu, ko mota ta yi gardama, ba ka rasa mutane kusa. Ku ware awa biyar zuwa shida, tare da tsaye-tsaye.

Lokacin tashi kuwa, ana sallame Asuba a tayar da mota. Duk wanda ya bari rana ta same shi bai haye Berger da Kara ba, zai iya ƙarar da hantsinsa tsakanin Ibafo da Mowe, yara kuma tun nan haƙurinsu zai ƙare. Kwana biyu kafin tafiya a kai motar wa bakanike ya duba birki da tayoyi da ruwan lagireto. Lasin, inshora, tukunyar kashe gobara, tayar ko-ta-kwana da jak, duk su zama a hannu, don jami'an kiyaye haɗurra za su tambaya. Lambarsu ta gaggawa 122 ce. Yara a kujerar baya, kowa da bel ɗinsa. Kada a ɗora jariri a cinya a gaba, komai kukansa.

A Ikire za ku ga mata sun rufe gilashin mota da ƙullin leda, wani abu baƙi-baƙi mai maiƙo a ciki. Dodo Ikire ke nan: nunanniyar ayaba da aka soya da manja da barkono da albasa. Ga zaƙi ga yaji. Ku saya, amma babba ya fara ɗanɗanawa kafin a miƙa wa ƙananan. Nisan tafiyar ya haura wanda ake yin ƙasaru a kansa, don haka azahar da la'asar raka'a biyu-biyu ne.

Ku kwana a Akure. Wannan ita ce shawarar da na fi nanatawa, domin masu cewa za su je su hau su dawo Legas rana ɗaya, su ne suke hawa da tsakar rana, su yi tuƙin dare a gajiye. A Akure akwai masauki iri-iri, akwai 'yan uwanmu a kasuwar Shasha da za su nuna muku masallaci da inda ake sayar da naman yanka. Sakwarar wannan yankin ba ta da na biyu, sai dai a tambayi irin naman da ke cikin miya, don naman daji ya yawaita a nan.

Da sanyin safiya sai gindin dutse. Za a biya kuɗin shiga, a haɗa ku da ɗan jagora, ku riƙe tsabar kuɗi saboda haka. Matakalar ta haura 600, da rumfunan hutawa biyar a hanya. Tafiyar mafi rauni a cikinku ita ce ma'auni. Yara za su zura da gudu, su ƙare a rumfa ta biyu suna haki. Mai goyo ta miƙa wa maigida ɗan, a riƙa karɓa-karɓa. In Hajiya Kaka na fama da gwiwa ko hawan jini, a shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, wani ya zauna da ita, ba abin kunya ba ne. Kowa da gorar ruwansa, kowa da takalmi mai kama ƙasa. Silifas da doguwar abaya mai jan ƙasa ba su da wuri a nan.

Da kun kai sama, iska za ta sauya, garin na ƙasa ya koma jajayen rufin kwano a tsakanin duwatsu. Ku shiga tsohuwar fadar Owa, sarkin garin. Ku duba ƙofofinta gajeru da sai an sunkuya, da ginshiƙan katako da aka sassaƙa siffofin mutane a jikinsu, da tsakar gidan da sarki ke zaman fada. Za a nuna muku wani sawun ƙafa a jikin dutse da suke kira Agboogun, da ruwan Omi Apaara, kowanne da labarin da mutanen garin suka gada. Wasu wuraren na bautarsu ne, har yau suna hawa bikin Orosun a watan Mayu. Ba sai kun yarda da abin da suka yarda da shi ba, amma inda aka ce kada a taka, kada a taka, kuma a riƙe hannun yara a bakin gangare.

Da damina dutsen na yin santsi ƙwarai, da hunturu kuma hazo kan rufe nesa. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba tukuna.

Saukowa ta fi cin gwiwa, a yi ta a hankali. Ku kama hanya kafin azahar, domin yammacin Lahadi motocin da ke komawa Legas kan taru tun daga Shagamu, kuma gara magariba ta same ku a gida.