Kiɗa ya cika falo, muryar mai waƙa ta nutse

Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba sai mun ja gabatarwa ba, duk wanda ke zaurenmu na WhatsApp ya san abin da aka kwana bakwai ana muhawara a kai.

Iliya: Kwamfutar waƙoƙin nan, ta karaoke.

Rabi: Ita fa. Mutum ya tara waƙoƙi a tsohuwar kwamfuta, kowa ya zo ya zaɓi tasa, baitoci na tafiya a allo, kiɗa ya cika falo. Sai a miƙa wa mutum makirufo, baki na motsi amma ba a jin komai. Yaya Bala, kai ne ka daɗe a harkar sauti, ina matsalar take?

Bala: Kafin in amsa, Iliya, a ina ka soka makirufonka?

Iliya: A ramin nan mai launin hoda, wanda aka zana hoton makirufo a gefensa.

Bala: To daga nan aka samu matsala. Wannan ramin an yi shi ne don ɗan ƙaramin makirufon da ke jikin abin sawa a kunne, wanda ake kira da shi. Shi wannan kwamfutar ce ke ba shi 'yar wuta, kuma yana fitar da sauti da ɗan ƙarfi. Amma na hannu, irin Shure SM58 da ake ta amfani da shi tun 1966, shi da kansa yake samar da wutarsa daga motsin muryarka, kuma abin da yake fitarwa yawanci kusan kashi biyu cikin dubu na bolt ɗaya ne. Kiɗan da ke fitowa daga kwamfuta kuwa yana kai sulusin bolt, wani lokaci har ya haura. Ka ga kenan kiɗa ya ninka murya fiye da sau ɗari tun kafin a fara. Dole sai an samu abin da zai ɗaga muryar da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 40 zuwa 60, wato ninki 100 zuwa 1000.

Iliya: Ai na ɗaga. Na shiga saitin Windows, na kai Microphone Boost har 30.

Bala: Me ka ji?

Iliya: Shuuu, kamar ana suyar ƙosai.

Bala: Yawwa. Saboda wannan ɗagawar ba ta san murya ba, duk abin da ta tarar shi take ɗagawa, har da ƙarar da kayan cikin kwamfutar ke yi. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. In ka kunna Listen to this device don muryarka ta fito a lasifika, sai ta shiga kwamfuta, a mayar da ita lambobi, a ɗan tara ta, sannan a sake ta. Wannan ɗan jinkirin yana kashe waƙa. Ka ce "ya", sai ka ji "ya" ɗinka ta biyo baya, harshenka ya harɗe, ka rasa inda kiɗa yake. Mutane da yawa sun ɗauka ba su iya waƙa ba ne, alhali na'ura ce ta ruɗa su. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, don na ga yarinya ta ajiye makirufo ta koma gefe saboda haka.

Rabi: Allah sarki. Ni tun da aka fara maganar nan, sunan ma nake ta juyawa. Karaoke. Ƙanina ya rantse ƙara ce, wai ƙara-oke.

Iliya: Ai gaskiyarsa, ƙara muke nema. A ƙara murya, a ƙara ƙara.

Rabi: A'a, ni na ce kara ce, ta kirki. Don in mutum ya kama waƙa ya kauce hanya, ba wanda zai ce masa uffan, kara ake yi masa, a tafa masa har ya gama.

Iliya: To kuwa gidanmu akwai masu kara. Har Inna ta ce a sake sa wa baƙo tasa.

Rabi: Ka gani! Kara sau biyu.

Iliya: Saura karan dawa.

Rabi: Shi ma yana ciki mana, ba da shi yara ke yin makirufo ba? A yanko kara, a soka masa ƙwallon mangwaro a kai, shi kenan an buɗe fili.

Iliya: Wallahi mun yi, har da mai riƙe waya a baya.

Bala: Kuma shi kara ba ya jinkiri. Amma kalmar ta Japananci ce, kara na nufin wofi, oke kuma guntun kalmar ƙungiyar makaɗa. Kiɗa ba mawaƙi. Wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue ya haɗa irin wannan na'ura a birnin Kobe a 1971, ana jefa kuɗi a yi waƙa, kuma bai yi mata rajistar mallaka ba. A 2004 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake kwaikwayon ta Nobel da ita cikin raha, ta zaman lafiya.

Rabi: Ta zaman lafiya? To ai maganata ta fito, kara ce.

Bala: Na ba ki wannan. Mu koma kan gyara. Shawarata guda ce, kada murya ta bi ta cikin kwamfuta ko kaɗan. A nemi ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sautuka, ko mai layi huɗu ce, irin na Behringer ko Yamaha. Kwamfuta aikinta kiɗa da rubutu kawai. A ɗauko waya daga ramin kore, inda lasifika ke shiga, a kai layin sitiriyo na miksa. Makirufo kuma ya shiga nasa layin da wayarsa mai haƙora uku, XLR. Daga miksa sai amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, ko lasifika mai wutar kanta. Ba jinkiri, kuma kowanne da maɓallinsa, hannunka na kai.

Iliya: Wanne ake fara murɗawa? Maɓallan nan sun yi yawa.

Bala: Na can sama, wanda aka rubuta wa gain. Ka rage kiɗa gaba ɗaya, ka sa mutum ya rera da ƙarfin da zai rera da gaske, ba "gwaji, gwaji" a hankali ba. Ka dinga murɗawa har jar fitila ta fara ƙiftawa, sai ka ɗan dawo baya. Bayan nan ka ɗaga na ƙasa, na ƙarar muryar. Sai a ƙarshe ka shigo da kiɗa, a hankali, ka tsaya a ƙarƙashin murya. Yawancin mutane akasin haka suke yi, su ƙure kiɗa sannan su ce murya ta kamo shi. Sau da yawa maganin shi ne a rage kiɗan kawai.

Rabi: Ni abin da ke tsorata ni kukan nan ne, ƙiiii, har yara su toshe kunne.

Bala: Makirufo ne ya ji lasifika, ya mayar mata, ta sake ba shi, suka yi ta zagaye. Lasifika ta kasance a gaban mai waƙa, tana kallon jama'a, shi yana bayanta. Kuma don Allah a daina dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Ramukan da ke bayan kan su ne ke sa shi ƙin jin abin da ke bayansa, in ka toshe su sai ya ji ko'ina. Sannan a kawo shi kusa da baki, kamar yatsa biyu. Duk lokacin da ka ninka nisa, kusan desibel 6 ka zubar. Wanda ya riƙe shi a ƙirji ba miksar da za ta cece shi.

Iliya: Gurnanin nan fa, "huuum", da ke fitowa in na jona laftof?

Bala: Cire caja ka saurara. In ya ɗauke, daga wuta yake, don tamu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita kake ji. Ka jona komai a soket ɗaya, in bai daina ba akwai ɗan akwatin da ake sawa tsakanin kwamfuta da miksa yana raba su. Kuma a guji tura murya ta Bluetooth, jinkirinsa ya fi na kwamfutar ma. Sai maganar amsa-kuwwar da ake sa wa murya, wadda mutane ke cikawa har...

Rabi: Yaya Bala, mai ɗaukar shiri yana ta ɗaga mana hannu. Mun ce za mu kawo farashi da maganar makirufo mara waya.

Bala: Mara waya dai a duba batir tukuna, rabin ƙorafin daga nan yake.

Iliya: Ni gobe zan shiga kasuwa neman miksa. Yaya Bala, ka bar wayarka a kunne.

Rabi: Wanda ya gwada ya turo mana muryarsa a zaure mu ji. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.